A Yi Wa Ɗan Baya Adalci

Daga wani ɗalibi mazaunin Tirkaniya, Kaduna

Duk wanda ya taɓa tsayawa da la'asar a bakin filin da muke buga tamaula a unguwarmu ta Tirkaniya ya san yadda ake rabon 'yan wasa. Manyan yara biyu su kan tsaya, kowa ya riƙa zaɓen nasa ɗaya bayan ɗaya. Masu gudu da masu iya yanka su ake fara kwashewa. In an ƙare zaɓe sai a waiwayi wanda ya rage, ko mai jiki ne, ko ƙarami, ko wanda ya zo a makare, a ce masa, "Kai, tsaya a baya." Shi kuwa ya tafi yana ƙunƙuni kamar wanda aka aika ɗiban ruwa da tsakar rana. Ta haka na fara buga baya ina ɗan shekara tara, har yau kuwa ban bar wurin ba.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fili shi ne, ba mu yi wa ɗan baya adalci. Ɗan gaba ana auna shi da abu mafi kyau da ya yi a wasa, ɗan baya kuwa ana auna shi da abu mafi muni da ya yi. Wannan awo na son kai ne, kuma yana nema ya kashe mana ƙungiyar makaranta.

Bari in fara da abin da ya same ni, domin kada a ce na ɓoye dalilina. A zangon da ya wuce gidanmu ya kai wasan ƙarshe a gasar gida-gida. Mun buga wasa uku kafin nan ba a zura mana ƙwallo ko ɗaya ba. A wasan ƙarshe, saura kaɗan a tashi, golan abokan karawarmu ya dako ƙwallo sama. Na fito in tare ta da ka, sai na yi kuskuren lissafi, ta dira gabana ta yi tsalle ta wuce ta bisa kaina. Lamba taransu ya bi ta ya jefa raga. Aka tashi ɗaya da nema. Tun daga ranar, in na shiga aji sai in ji ana cewa ga "Ƙofar Gari" nan ya iso, watau kowa ya zo ya wuce. Alhali a wannan wasa ɗan gabanmu ya zubar da ƙwallo uku shi da gola kaɗai, ba wanda ya sa masa suna. Ban ce kada a faɗi laifina ba, na yi shi kam. Abin da ya dame ni shi ne, yaron da muke buga baya tare, wanda a ganina ya fi kowa a makarantar nan iya karanta wasa, ya ce shi ya bar baya har abada, ba zai tsaya a mayar da shi abin dariya ba. Da aka zo zaɓen 'yan wasan makaranta, malamin wasanni ya ce masu son buga baya su ɗaga hannu, mu uku kacal muka ɗaga. Masu son lamba tara da lamba goma kuwa sun isa su cika ƙungiya biyu.

Da na koma gida hutu na ba kawuna labari. Shi dai tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, kuma a zamaninsa lamba biyar ya buga wa ƙungiyar ma'aikata. Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ai sanin asali ya sa kura cin kanta. Ka je ka binciki labarin Efe Ambrose, ɗan garin nan ne, sa'an nan ka dawo ka gaya mini ko abin da ya same ka ya isa a kira shi abu." Na bincika, na kalli wasannin da aka ajiye a intanet, ga kuma abin da na samu.

An haifi Efe Ambrose a nan Kaduna ran 18 ga watan Oktoba, 1988. Ya buga wa Kaduna United, daga baya a 2010 ya tafi ƙungiyar Ashdod ta ƙasar Isra'ila. A 2012 babbar ƙungiyar nan ta Celtic da ke birnin Glasgow a Sikotlan ta ɗauke shi. Bai daɗe da zuwa ba, ran 7 ga watan Nuwamba, 2012, Celtic ta karɓi baƙuncin Barcelona a gasar Kofin Zakarun Turai. Barcelona ta lokacin ita ce ta su Messi da Xavi da Iniesta, wadda duniya duka ke tsoro. Kusan wasan gaba ɗaya ƙwallo na ƙafar 'yan Barcelona, amma Celtic ta ci biyu da ɗaya. Victor Wanyama da Tony Watt suka zura ƙwallayen, su ne kuma sunayen da ake tunawa. Ambrose yana tsakiyar baya a daren, yana cikin waɗanda suka sha wahalar tare Messi har sai da aka shiga mintunan ƙarshe kafin ya samu ya ci ɗaya.

Wata biyu bayan haka marigayi Stephen Keshi ya tafi da shi gasar Kofin Afirka ta 2013 a Afirka ta Kudu. A wasan farko da Burkina Faso aka ba shi jan kati, Nijeriya na gaba da ci ɗaya, aka farke mana a ƙarshen wasa. Da wani koci ne da ya jingine shi. Keshi kuwa shi kansa ɗan baya ne, shi ne kyaftin lokacin da muka ci kofin 1994, ya san ciwon abin. Da Ambrose ya gama horon da aka yi masa sai ya mayar da shi wurinsa na dama. Ran 10 ga watan Fabrairu, a birnin Johannesburg, muka sake haɗuwa da Burkina Faso a wasan ƙarshe. Sunday Mba ya ci ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci, 'yan baya da gola Vincent Enyeama suka tsare ta har aka tashi. Da aka fitar da jerin gwanaye goma sha ɗaya na gasar, sunan Ambrose na ciki.

To, a nan ne labarin ya juya. Kwana biyu rak bayan ɗaukar kofi, watau ran 12 ga watan Fabrairu, Celtic na da wasa da Juventus ta Italiya a zagaye na biyu na Kofin Zakarun Turai. Ambrose ya taso daga Afirka ta Kudu, ya sauka Glasgow da safiyar ranar wasan, da dare kuma kocinsa Neil Lennon ya sa shi a fili. Minti uku da farawa aka dako doguwar ƙwallo, ya kasa tare ta, Alessandro Matri ya ci. Bayan hutu ya samu dama da ka a gaban gola Buffon, ya miƙa masa ita a hannu. Daf da tashi aka ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, Juventus ta ci ta uku. Aka tashi uku da nema. Abokin wasansa Kris Commons ya fito gaban 'yan jarida ya soke shi, yana mai cewa in ya gaji ai da ya faɗa. Jama'a, ku duba: ran Lahadi mutum gwarzon Afirka ne, ran Talata ya zama abin nuni.

Wannan dare ya bi shi shekara da shekaru. A watan Yuli na 2016 Celtic ta sha kashi da ci ɗaya a hannun wata 'yar ƙaramar ƙungiya ta Jibralta mai suna Lincoln Red Imps, aka sake ɗora masa laifin. Masu ɗora laifin ba su cika tuna cewa da shi aka ci kofin lig na Sikotlan sau huɗu a jere ba, daga 2013 zuwa 2016, ko kuma cewa shi ya buga wa Nijeriya wasanninta huɗu duka a Kofin Duniya na 2014 a Birazil, inda Iran da Bosniya suka kasa zura mana ko ɗaya. Wanda bai manta ba shi ne Neil Lennon. Da ya zama kocin Hibernian, a 2017 ya aika aka kawo masa Ambrose, a shekarar kuma ƙungiyar ta koma rukunin manya. Mutumin da ya fi kowa ganin kuskurensa kusa da kusa, shi ne ya sake neman sa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa hukuncin 'yan kallo dabam, hukuncin wanda ya san aiki dabam.

Ba Ambrose kaɗai ba ne ɗan baya da Kaduna ta haifa. Kafinsa akwai Celestine Babayaro, wanda aka haifa a garin nan ran 29 ga watan Agusta, 1978. Yana cikin yaran da suka ciwo wa Nijeriya Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, daga nan ƙungiyar Anderlecht ta Beljiyam ta ɗauke shi. Ran 23 ga watan Nuwamba, 1994, yana ɗan shekara 16 da 'yan watanni, sa'ar yawancinmu a makarantar nan, ya buga wasan Kofin Zakarun Turai da ƙungiyar Steaua ta birnin Bukarest a ƙasar Romaniya. Ba a taɓa samun mai ƙarancin shekaru kamarsa a gasar ba, kuma sai a 2020 aka sami wanda ya karya wannan tarihi. Abin da ya faru a wasan kuwa, kafin hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya kore shi da jan kati. Da a filinmu ne, da an sa masa suna tun ranar, watakila ma da ya jefar da takalmin. Bai kai shekara biyu ba bayan haka, ran 3 ga watan Agusta, 1996, a wasan ƙarshe na Olamfik na Atlanta, Ajantina ta fara cin mu, Babayaro ya farke da ka. Daniel Amokachi, shi ma ɗan Kaduna, ya ci ta biyu, Emmanuel Amunike ya ci ta uku, muka karɓi zinari da ci uku da biyu. A 1997 Chelsea ta saye shi, ya zauna can har farkon 2005, da shi aka ci Kofin FA na 2000. Amma ku tambayi manya a gidan kallo abin da suke tunawa da Babayaro, za su ce ƙwallon da ya ci Ajantina da alkafurar da yake yi in ya ci. Watau ko da za a yabi ɗan baya, sai ranar da ya yi aikin ɗan gaba.

Tun da na ambaci Steaua, bari in ɗan tsaya a kanta, domin tarihinta ya fi komai nuna abin da tsaron baya ke iya yi. A watan Mayu na 1986 wannan ƙungiya ta Romaniya ta kai wasan ƙarshe na Kofin Turai, ta haɗu da Barcelona a birnin Seville, watau a ƙasar Barcelona ɗin kanta, filin cike da magoya bayanta. Aka yi minti 120 ba ci. Da aka zo bugun fenariti golan Steaua, Helmuth Duckadam, ya tare huɗu, suka tafi da kofi. A tsakiyar bayansu akwai wani saurayi mai suna Miodrag Belodedici. A 1988 ya tsere daga mulkin Ceausescu ya tsallaka Yugoslabiya, gwamnatin ƙasarsa ta yanke masa hukuncin ɗauri ba ya nan. Can ya shiga ƙungiyar Red Star ta birnin Belgrade, a 1991 suka kai wasan ƙarshe da Marseille ta Faransa, mai su Jean-Pierre Papin da Abedi Pele. Nan ma minti 120 ba ci, Red Star ta yi nasara a fenariti, shi ma ya buga tasa ta shiga. Ku lissafa: wasan ƙarshe biyu, minti 240, gaban manyan 'yan gaban Turai, ba a zura ƙwallo ko ɗaya a ragar da yake tsaro ba. Shi ne mutum na farko da ya buga wasan ƙarshe ya ɗauki wannan kofi da ƙungiyoyi biyu dabam-dabam. Yaranmu nawa suka taɓa jin sunansa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A gida ma haka abin yake. Tun daga 1993 'yan Nijeriya da suka zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka su ne Rashidi Yekini, da Emmanuel Amunike, da Nwankwo Kanu har sau biyu, da Victor Ikpeba, da Victor Osimhen, da Ademola Lookman. Dukansu masu kai hari ne. Amma wanda ya ɗaga mana Kofin Afirka na farko a Legas a 1980 ɗan baya ne, marigayi Christian Chukwu. A gasar da aka kammala a watan Fabrairu na 2024 a ƙasar Kwaddebuwa kuma, wanda aka zaɓa gwarzon gasar shi ne kyaftinmu na lokacin, William Troost-Ekong, shi ma ɗan baya.

Na san wasu za su ce ai ba a cin wasa sai da ƙwallo a raga, don haka mai zura ta shi ya cancanci tafi. Gaskiya ne cin ƙwallo shi ne abu mafi wuya a tamaula, ban yi musu ba. Sai dai ƙwallo ɗaya ba ta zama nasara sai in an hana abokin gaba cin tasa. Ƙwallon Sunday Mba ta zama kofi ne domin an yi fiye da rabin wasa ana tsaron ta. Da Burkina Faso ta ci biyu, da yau ba mai ambaton ta.

Wasu kuma za su ce, ai wanda ya karɓi aikin gadi ba ya kuka in an zarge shi ranar da ɓarawo ya shiga. Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Ni kaina ina ganin da Ambrose ya gaya wa kocinsa ya gaji, da ya fi masa, domin rigakafi ya fi magani, kuma cewa "ba zan iya ba yau" ba ragwanci ba ne. Amma koci shi ya rubuta sunayen, ya kuma san daga inda mutumin ya taso. Ban da haka, ƙwallo ba ta isa gaban ɗan baya sai ta wuce 'yan gaba da 'yan tsakiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa sau da yawa tun daga gaba take farawa, lokacin da ɗan gaba ya zubar da ƙwallo ya tsaya riƙe da ƙugu bai biyo ta ba. A wasanmu na gida-gida, golan can ya sami ƙwallon da ya dako ne daga harin da muka zubar.

Dalilin da ya sa ba a ganin aikin ɗan baya shi ne, in ya yi shi da kyau babu abin kallo. Kawuna ya koya mini cewa gwanin ɗan baya ba ya yawan faɗuwa ƙasa. Yana duban ƙugun abokin karawa maimakon ƙafarsa, domin ƙafa tana yaudara. Yana tura shi gefen layi, wajen ƙafarsa mara ƙarfi. Yana ja da baya a hankali har abokansa su dawo. Yana magana da na kusa da shi, su tashi tare domin ɗan gaba ya faɗa satar gida. In ya yi duk wannan, mai ba da ƙwallo zai duba ya ga ba hanya, ya mayar da ita baya. 'Yan kallo ba su ga komai ba, ba wanda zai tafa, alhali an kashe hari tun kafin a haife shi. Wannan aiki na ƙwaƙwalwa ne da haƙuri, shi ya sa kuskure ne babba a riƙa ba da shi ga wanda aka rasa inda za a sa.

Saboda haka ina da roƙo, kuma ba mai tsada ba ne. Ina roƙon malamin wasanninmu da hukumar makaranta, ranar ba da kyaututtuka, yadda ake ba wanda ya fi cin ƙwallo kyauta, a ware guda domin ɗan baya mafi kyau, a kuma riƙa rubuta wasannin da aka tashi ba a ci gida ba a allon sanarwa tare da sunayen masu tsaron. Ina roƙo a ƙananan azuzuwa a riƙa juya yara, kowa ya ɗanɗana baya da tsakiya da gaba kafin a tsayar masa da wuri, domin wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai gaban mai gudu ba zai yi saurin yi wa wani dariya ba. Kyaftin-kyaftin na gidaje su ma su hana sa wa ɗan wasa sunan ba'a saboda kuskure ɗaya. A yi gyara a filin atisaye, a gaya wa mutum inda ya kasa, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ku tuna akwai 'yan baya da yawa a makarantar nan waɗanda ba su taɓa sa takalmin ƙwallo ba. Mai gadin ƙofa, da masu dafa abinci, da ɗalibin da ke riƙe da makullin ɗakin gwaje-gwaje, duk ba mu tuna su sai ranar da aka yi sata, ko tuwo ya yi gudaji, ko makulli ya ɓace. In mun saba da gode wa mutum a kwanakin da ba abin da ya lalace, za mu fi iya yi masa uzuri ranar da ya yi tuntuɓe, tun da mutum tara yake bai cika goma ba.

Ni dai na koma atisaye. Kowace safiyar Asabar kawuna yakan kai ni filin unguwa ya riƙa jefo mini ƙwallo sama, ina koyon tare ta kafin ta dira. Ga abokina da ya ce ya bar baya, in wannan mujalla ta iso hannunka, wurinka na nan a gefen hagu, ba wanda ya iya cike shi. Gasar makarantu na tafe, ka dawo mu tsare gida tare.